Amsa: Sayar da firam ɗin keken tseren agogo da aka yi amfani da shi

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka saka firam ɗin (gangar jikin) kekenka na tseren agogo, wato tseren da ake auna lokacin kowane mahayi, a kasuwa babu wanda ya taya, kana tambayar ko tsada ce ta kori mutane. Ni a ganina bayanin ne bai wadatar ba.

Masu irin wannan keke ba su da yawa, kuma sun san abin da suke nema. Rubuta girmansa da "M" ko 54 kawai ba ya gamsar da su, domin ma'aunin kowane kamfani daban ne. Kawo tsayi da nisan gaban firam ɗin daga mazaunin feda, a milimita. Ka faɗi ko birkin faifai ne ko na bakin taya, saboda na bakin taya darajarsa ta faɗi sosai yanzu.

Sai sandar sirdi da maɗaurinta. Yawancinsu ƙirar wannan firam ɗin kaɗai suke shiga, kuma samun wasu wahala ne. In babu su, kusan kwarangwal kake sayarwa. Haɗa komai, har ƙananan kusoshi.

Idan yana da tambarin amincewar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, wanda aka fara liƙawa a 2011, ɗauki hotonsa. Wasu firam ɗin tirayatlon (gasar iyo, keke da gudu) ba a yarda da su a gasar UCI.

Tunda kabon ne, wanke shi tas ka ɗauki hoto cikin haske, musamman mahaɗai da lambar da ke ƙasansa. In ya taɓa faɗuwa, faɗi gaskiya. Tsagewar kabon takan ɓuya ƙarƙashin fenti.

Gyara tallar tukuna kafin ka rage kuɗi.