Amsoshin tambayoyinku: kafin a tafi bakin teku

Malam, na ga hoton wani masauki a intanet, a wani ƙaramin gari na bakin teku. Mai shi ya ce in turo kuɗin kwanakin gaba ɗaya kafin mu iso, wai ɗaki ɗaya ya rage. In tura? (Wani magidanci)

Kada ka tura, Alhaji. Maganar "ɗaki ɗaya ya rage" ana yinta ne don a hana ka tunani. Ka ce ya kira ka ta bidiyo, ya zagaya da kai ɗakin da banɗaki, ya leƙa da kai ta taga ka ga nisan ruwan da idonka. Idan ya yarda, ka ba da kafin alƙalami na kwana guda, sauran sai ka iso. Idan ya fara kame-kame, nemi wani. Kuma ka riƙe tsabar kuɗi, don a ƙananan garuruwa sabis kan ɗauke, na'urar cirar kuɗi kuma ba lallai ka samu ba.

Malam, 'ya'yana uku ne, babu wanda ya iya iyo. Mahaifinsu ya dage sai mun je hutu bakin teku, har da shiga kwale-kwale. Na saya musu robobin nan da ake hurawa a sa a hannu, da rigar kariya mai araha. Wallahi barci ya gagare ni. (Wata uwa)

Ki kwantar da hankalinki, Hajiya. Tsoron nan naki alheri ne, kuma da shiri kaɗan za ku je ku dawo lafiya da yardar Allah. Amma zan tsaya a kan sayayyar da kika yi, don ita ce abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Robar hurawa kayan wasa ce. Iska kan zurare daga cikinta, takan sulluɓe daga hannun yaro, kuma iskar bakin teku na iya tura ta da yaron zuwa zurfi. Babban lahaninta shi ne takan sa uwa ta saki jiki. Ki ajiye ta a gida.

Sai rigar kariya. A nan ne jabu ya yi katutu. Ana ɗinka yadi mai launin lemo, a cusa masa soson katifa, a laƙaba masa igiya, a sayar da shi a matsayin abin ceton rai. Soso irin wannan shan ruwa yake yi, ya yi nauyi. Ta gaskiya tana da tambarin gwaji a cikinta, kamar ISO 12402, da lambar ƙarfin ɗagawarta, da nauyin jikin wanda aka yi ta dominsa. Mai lamba 50N taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo a kusa da gaɓa. Wanda bai iya ba, a nema masa 100N ko sama, mai kwala da ke tallafe kai. Ta yara kuma lallai ta kasance da igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Ki sa wa yaron, ki ɗaure, ki ɗaga rigar ta kafaɗu. Idan ta haura haɓarsa ko kunnuwansa, ta yi masa yawa. Kada ki sayi babba da nufin "zai girma ya iske ta".

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke raba kuɗinmu. Iyali za su kashe maƙudai a sababbin kaya da takalma don ɗaukar hoto, su biya mota, su biya masauki, sai an zo kan abu ɗaya tilo da zai riƙe ran yaro a saman ruwa, a nan ne ake tsayawa ciniki har a ɗauki mafi arha. Araha ba ta ado, balle ceton rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma yara ƙanana na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ba a banza Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don wannan matsala ba.

Ki kuma sani, yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, bakinsa numfashi yake nema. Saboda haka ki tsaya inda hannunki zai kai gare su, wayarki a jaka. Ki raba aiki da mahaifinsu a fili, a san wanda ido ke hannunsa a kowane lokaci. Kwale-kwalen da ba shi da riga ga kowane fasinja, ko aka cika shi maƙil, ku bar shi ya tafi.

Malam, ni gwani ne a iyo a kogi. Wace jakar waya ce ba ta shan ruwa? Ina so in ɗauki bidiyo a tsakiyar igiyar ruwa. (Wani matashi)

Ɗana, tambayar da ta kamata ka yi ba ita ka yi ba. Teku ba kogi ba ne. Akwai wata hanyar ruwa siririya da ke komawa ciki da gudu, har takan kai mita biyu a daƙiƙa guda, ta fi ƙarfin zakaran iyo. Sau da yawa a nan ne ruwan ya fi kama da kwantacce, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Idan ta ja ka, kada ka yi kokawa da ita. Ka yi iyo a gicce, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinta, ko ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu. Jar tuta na nufin kada a shiga. Inda babu masu ceto, ka tambayi masuntan garin. Wayar kuma ka bar ta a tudu.

Malam, muna son zagaya duwatsun gaɓa da ƙafa. Wane lokaci ya fi? (Wasu ɗalibai)

Lokacin da ruwa ke janyewa. A yawancin gaɓoɓi teku kan cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin kusan awa 25, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Hanyar da kuka bi a bushe da safe tana iya rufewa kafin azahar. Ku duba jadawalin cikar ruwa na wurin, ku sa takalmi mai kama ƙasa, ku gaya wa mai masauki inda kuka nufa.

Malam, baƙar fata ma tana bukatar man kariya daga rana? Tabarau kuma kowane baƙi ya isa? (Wata amarya)

Tana bukata, 'yata. Ki nemi mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 ko sama, ki duba ranar lalacewarsa, ki sake shafawa duk bayan awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa. Tabarau kuwa, baƙin gilashi marar kariya ya fi babu illa, domin ƙwayar ido kan buɗe a duhunsa, hasken da ke cutarwa ya ƙara shiga. Ki nemi mai alamar UV400, wato alamar yana tare hasken nan mai cutarwa, a wurin masu sayar da gilashin ido, tunda ita ma alamar ana buga ta jabu. Ki haɗa da malafa.