Ina da ciki ina kuma goyo, an ce nonona ya ɓaci

TAMBAYA

Mama, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni matar aure ce a Garwa, shekarata 24, ɗanmu na fari yana da wata 15. Makon jiya aka tabbatar mini a asibiti ina da ciki wata uku. Yau kwana uku yaron yana zawo, ya ƙi abinci, nono kawai yake nema. Uwar mijina ta zo daga ƙauye, ta ce ya sha ciki ne, nonona ya ɓaci, in shafa maɗaci in yaye shi yau, ita kuma ta tafi da shi har in haihu. Wasu a zumuntar mata ma haka suka gaya mini. Maigida ya yi shiru, ba ya son saɓa wa mahaifiyarsa. Muna addu'ar safe yaron yana jan rigata yana kuka, ni kuma tsoro ya hana ni ba shi. Mama, ni ce nake cutar da ɗana?

AMSA

'Yata, ɗauke shi ki sa masa nono tukuna, sannan ki ci gaba da karatu. Ba ke kike cutar da shi ba, nononki kuma lafiyarsa lau. A halin da yake ciki yanzu, wannan nonon shi ne abu mafi tsabta da ke shiga cikinsa.

Zawon shi ne na gaggawa. Ki nemo SRO, ruwan gishiri da sukari na leda, ki narka ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Duk sanda ya yi bayan gida ki ba shi kamar rabin ƙaramin kofi, mililita 50 zuwa 100, da cokali, a hankali. In ya yi amai ki jira minti goma ki ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. A haɗa masa da zinc, miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya a kwana na biyu. Kada maigida ya sayo kafso a hannun masu yawo da magani cikin rana, kada kuma a ɗura masa dauri. In jikinsa da zafi, a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar. In kin ga idanunsa sun faɗa, ko ya kasa sha, ko yana amar da komai, ko da jini a kashinsa, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, to ko tsakar dare ne a kama hanyar asibiti.

Yanzu maganar shan ciki. Ni ungozoma ce, ina kuma aiki a sashen yara masu tamowa, kuma babu zancen da ya kai wannan cika mana gadaje. Na gaji da jinsa, domin na san inda yake kai yara.

Nono daga jinin uwa ake yinsa, a cikin mama. Babu wata hanya da ta taso daga mahaifa ta zuba wani abu a cikinsa. Abin da ciki yake yi wa nono sananne ne: kan nonon yakan yi tsami ki ji zafi in yaro ya kama, wajen wata huɗu zuwa biyar ruwan yakan ragu, ɗanɗanonsa ya ɗan yi gishiri-gishiri, daga baya ya koma dakashi don shirin jariri. Dakashi kan sa kashin yaro ya ɗan yi laushi, wannan kuwa ba ciwo ba ne. Wasu yaran da kansu suke saki in sun ji ya canza. Iyakarsa ke nan. Babu guba, babu ruɓa, babu wani zafin ciki da ke bin nono ya kama yaro.

Tsofaffinmu ba ƙarya suka yi ba da suka ce 'ya'yan kwanika suna ramewa. Sun gani da idonsu. Dalilin ne suka ɗora a inda ba nan yake ba. Yaro ɗan wata 15 yana tafiya, yana tsintar komai a tsakar gida ya kai baki, yana shan ruwan randa da kowane kofi, ƙuda na sauka a kwanonsa. A wannan shekarun kusan kowane yaro yana zawo, uwarsa da ciki ko babu. In babu ciki sai a ce haƙori ne, in da ciki sai a ce nono ne, ƙazantar hannu da ta ruwa kuwa ba mai ambatonta. To da zarar an ɗora laifin a kan nono, sai a cire shi rana ɗaya. Tsakanin shekara ɗaya da biyu nonon uwa yana ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da yake bukata, in ba shi da lafiya kuma yakan ƙi tuwo ya ƙi kunu ya riƙe nono kaɗai, kamar yadda naki yake yi yanzu. Ki duba abin da ake so ki yi: a tsakiyar zawo, ki ƙwace masa abu ɗaya tak da yake karɓa.

Sannan a ɗauke shi a kai ƙauye. A yini ɗaya ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya sani. Yaro a wannan hali yakan yi zuru ya ƙi ci, a ce zuciya gare shi. Kaka tana ƙaunarsa, ban musa ba, amma in damina ce tana gona tun safe, rumbu ya yi ƙasa, yaron yana hannun wata yarinya 'yar shekara takwas da kofin kunu tsararo. Bayan 'yan makonni gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa su kumbura, har wasu su ce ya yi ƙiba, ƙauye ya karɓe shi. Wannan kumburin tamowa ce mai tsanani. Sai a kawo mana shi fata tana saɓulewa, mu auna damtsensa da awon nan mai launi mu tarar bai kai milimita 115 ba, yana cikin ja. Abin da ya fi ƙona mini rai, a bakin gadon ma za ki ji ana cewa, "Ai mun faɗa, ya riga ya sha ciki." Yayen da aka yi masa da ƙarfi shi ya kwantar da shi, amma sai a mayar da shi shaidar cewa nono ya ɓaci, a je a faɗa wa wata yarinyar. Gudun gara ne aka tarar da zago. Wasu muna samun ceto su da madarar asibiti da abincin gyaɗa na leda mai suna Plumpy'Nut. Wasu ana kawo su a makare, uwa da tsohon ciki tana kuka tana cewa ita ta kashe ɗanta da nononta, alhali nonon ne da ya tsare shi.

Shafa maɗaci ko barkono a kan nono kuma, don Allah a bari. Zalunci ne ga yaro, yana kuma tsattsage fatar uwa.

Akwai lokacin da mu da kanmu muke cewa mai ciki ta dakata da shayarwa: in tana zubar jini, in ta taɓa haihuwar bakwaini ko yin ɓari a jere, in 'yan biyu ne, in mararta tana ɗaurewa da ciwo duk sanda yaro ya sha, ko in ita kanta tana ramewa. Wannan hukunci ne na ɗakin awo, bayan an duba ki. A cikin da ke tafiya lafiya, shayarwa ba ta zubar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a shayar har shekara biyu ko fiye, ba ta kuma ce ciki ya soke wannan ba.

Baban yaro, na san za a karanta maka, to ga naka. Shirunka ba girmama uwa ba ne, barin matarka ne ita kaɗai tsakanin surukarta da ɗanta, ita kuwa ba za ta iya ɗaga ido ta ce wa Inna a'a ba. Kai ne za ka iya. Ka zauna da mahaifiyarka cikin ladabi, ka gode mata da ta baro gonarta ta zo, ka ce mata yaron zai zauna, in da hali ita ma ta zauna ta taya ku. Ka ɗauke ta ku je awo tare ta ji daga bakin ungozoma, tsofaffi da yawa suna saukowa in aka yi musu bayani ba tare da raini ba. Ran da aka kawo yaron nan gaban ikilisiya, kai da uwarsa kuka tsaya kuka ɗauki alkawarin renonsa, kuma reno ya haɗa da abin da ke cikin kwanonsa. A Farawa, ran da aka yaye Ishaku babban biki Ibrahim ya yi, domin yaro ya girma ya kai. Ba a cikin tsoro da kuka aka raba shi da Saratu ba. Ku kuma iyayena na zumuntar mata, yarinya ta samu ciki da mijinta na aure, ina abin kunya a nan har ake raɗa a bayanta? In kuna son taimakonta, ku kai mata gyaɗa da ƙwai, wata ta ɗauke mata wanki. In an sa azumi a majami'a kuma, mai ciki mai goyo ba ta ciki, ta yi addu'arta ta ci abincinta.

Ke kuma 'yata, mutum uku kike ciyarwa, saboda haka ki ƙara ci, ki riƙa shan ƙwayar ƙarin jini kullum. Ki tambayi takardar nan ta Chèque Santé a wurin awo, sefa 6,000 ce, tana ɗaukar awo da haihuwa har da tiyata in ta kama. Tun da cikin ya kai wata uku, lokacin fara Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na masu ciki, ya yi ko ya kusa, za su gaya miki. Ku kwana cikin gidan sauro ku duka. Ki duba katin yaron: allurar ƙyanda ta biyu wajen wata 15 ake yinta, ga bitamin A duk wata shida da maganin tsutsa. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suka zo, wanda ake yi a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru tun 2016, ki ba shi na kwana ukun duka.

Tun da nonon zai ragu nan da wata ɗaya ko biyu, yanzu ne za ki gina masa ci. Sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa tsakani, a kwanonsa shi kaɗai, ke kina zaune kusa. Kunun gero ko dawa ya yi kauri har ya tsaya a cokali, a sa masa gyaɗa ko garin waken soya da ɗan mai. Busasshen kifin Lagdo ki daka shi lukui ki barbaɗa a miyar kuka ko zogale. Wake, kabewa, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne. Ƙwai ma ki ba shi, ba ya hana magana, ba ya sa sata. Bayan zawon ya tsaya ki ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu don ya maido abin da ya zuba.

In daga baya ke da kanki kika gaji, ko zafin kan nono ya ishe ki, kina da damar yaye shi, ba laifi kika yi ba. Amma sai ya warke, yana ci sosai, kuma a hankali: ki janye shan rana ɗaya bayan ɗaya cikin makonni, na dare ya zama na ƙarshe, babansa ya riƙa kwantar da shi. In kuma ya ci gaba har kika haihu, jariri ne zai fara sha kowane lokaci, babban ya biyo baya. Kafin a sallame ki daga ɗakin haihuwa, ku zauna ke da maigida da ungozoma ku zaɓi hanyar tazarar haihuwa, domin jikinki yana bukatar aƙalla shekara biyu kafin wani cikin.