Shagon gyaran batir a ƙofar gida: gubar dalma na iya kama yaro a cikin gari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna haya a wata unguwa cikin Kano. Shagon da ke manne da zauren gidanmu na mai gyaran batir ne, yana fasa tsofaffin baturan mota da na sola, wani lokaci har narka dalmar yake yi a kan gawayi. Ɗana mai shekara biyu a ƙofar gida yake yini, kuma duk abin da ya tsinta sai baki. A ido lafiyarsa kalau, sai dai cin abincinsa ya ragu. Na ji labarin gubar dalma a Zamfara, amma na ɗauka sai inda ake haƙar zinare. Akwai abin tsoro a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai, kuma kin yi daidai da kika tambaya tun yaron yana kan ƙafafunsa. Abin da kika kwatanta, wato fasa batir da narka dalma a jikin gidan da ƙananan yara ke ciki, yana cikin manyan hanyoyin da gubar ke kama yaran birni a yau. Daga yau a raba shi da ƙofar shagon nan, a kuma nemi gwajin jininsa. Ga dalili.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya sa mutane da yawa suka haɗa dalma da zinare. A ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka ana niƙa, alhali duwatsun cike suke da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. Amma zinaren ba shi ya kashe su ba, ƙurar ce. Duk inda aka samu wannan ƙura, a ƙauye ko a tsakiyar birni, aikinta ɗaya ne. A unguwar Ngagne Diaw da ke Thiaroye-sur-Mer, a gefen birnin Dakar na Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma babu ma'adini ko ɗaya a wurin. Shekara da shekaru ana fasa batura a unguwar, da farashin dalma ya tashi sai mutane suka shiga tankaɗe ƙasar wurin suna tsince ɓurɓushin, har suna ajiye buhunan a ɗakunansu.

Mafi yawan dalmar da ake amfani da ita a duniya, kusan kashi 85 cikin ɗari, batir ake yi da ita. Batirin mota guda yana ɗauke da kilo da yawa, na inbata da na sola sun fi shi. Idan aka fasa shi, fayafayan da ke ciki suna da wani ƙullu mai launin toka ko ruwan ƙasa manne da su. Da ya bushe sai ya zama gari mai laushi kamar hoda. Ruwan batir ɗin da ake sheƙarwa a kwata shi ma da dalma a ciki. Idan kuma aka ɗora a wuta, hayaƙin yana tashi, ya huce, ya sauka a kan dakali, a kan shanya, a kan farantin da aka bari a buɗe. Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙone ta. Ko an tashi shagon gobe, ƙasar wurin za ta ci gaba da riƙe ta shekaru masu yawa.

Ki duba yadda ɗan shekara biyu yake yini. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya tsotsi yatsa, biskit ɗinsa ya faɗi ya ɗauka ya mayar baki, ya lashi murfin kwalba da ya tsinta. Ta nan take shiga, kaɗan-kaɗan, kullum. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa, kuma idan cikinsa babu abinci, ko yana da ƙarancin jini, tsotsar tana ƙaruwa. Jiki yana ɗaukarta a matsayin kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya kai ta ƙashi da haƙori ya adana, wata kuma ta wuce ƙwaƙwalwa a daidai shekarun da ƙwaƙwalwar ke ginuwa. A cikin jini rabinta yana raguwa cikin kimanin wata guda, a ƙashi kuwa tana iya kwashe shekaru ashirin ko fiye. Shi ya sa yarinyar da ta sha ƙurar tana ƙarama, idan ta girma ta samu juna biyu, dalmar tana fitowa daga ƙashinta ta isa ga ɗan da ke ciki.

Kin ce lafiyarsa kalau a ido. Wannan ne wurin da ya fi damunmu a wannan cuta, domin yawancin yaran da ke ɗauke da ita haka suke. Ana auna dalma da maikurogiram a cikin desilita ɗaya na jini. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuwa kashi ɗaya cikin goma na lita. Babu adadin da aka tabbatar ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ya kai 5, a nemo inda take fitowa a toshe. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauko da nata ma'aunin zuwa 3.5 a 2021. A wannan mataki yaro ba ya zazzaɓi, ba ya kuka, amma fahimtarsa tana raguwa, maganarsa tana iya jinkiri, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sai ya shiga makaranta a ce ba ya ja, ko a ce ƙiriniya ce ta yi masa yawa, a yi ta dukansa a kan abin da ba laifinsa ba. Rahoton UNICEF da ƙungiyar Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, ya kai 5 ko ya haura.

Idan adadin ya yi sama ne alamu ke fitowa: rashin cin abinci, ciwon ciki, bushewar bayan gida, ɗashewar tafin hannu da cikin ido, yawan rigima ko kasala. Idan ya haura 70 ana fargabar kumburin ƙwaƙwalwa, da amai, da tangaɗi, da jijjiga, da suma. Waɗannan sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau, don haka sau da yawa ake ta ba da maganin da ba na cutar ba. Yaron da ke zaune kusa da irin wannan shago idan ya fara amai ba ƙaƙƙautawa, ko ya yi jijjiga, asibiti za a nufa a take, kuma a faɗa wa likita maganar batir ɗin tun daga bakin ƙofa.

Gwajin maleriya ko na yawan jini ba ya nuna dalma. Sai kin ambace ta da sunanta: gwajin dalma a jini. Ki fara da sashen yara na asibitin koyarwa ko babban asibiti, su za su nuna inda ake yi. Akwai ƙaramar na'ura da ke amfani da ɗigon jinin yatsa ta ba da sakamako cikin minti uku, amma dole a wanke hannun yaron da sabulu sosai kafin a tsaga, in ba haka ba ƙurar da ke kan fata za ta sa adadin ya hau fiye da gaskiya. Idan ya fito da yawa, ana tabbatarwa da jinin jijiya. A gwada sauran yaran gidan 'yan ƙasa da shekara shida, da duk mai juna biyu.

Maganin da ke janye dalma daga jini yana nan. Akwai na sha mai suna succimer, wanda aka yi wa dubban yara amfani da shi a Zamfara, zagaye ɗaya kwana 19, akwai kuma na allura. Amma galibi sai adadin ya kai 45 ake ba da shi, a hannun likita, ana bibiyar hanta da ƙoda. Ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa, kuma idan yaro ya koma cikin ƙurar nan, aikin ya zama zuba ruwa a kwando. Saboda haka ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su fara jinyar yaran Bagega a garinsu ba sai a 2013, bayan an kankare ƙasar saman gidaje an zuba sabuwa. Madara da manja da ake ɗura wa yaro da sunan karya guba ba sa fitar da dalma ko kaɗan.

To, a gida me za a yi? A daina shara da busasshiyar tsintsiya a zaure da tsakar gida, domin tayar da ƙurar take yi yaro ya shaƙa. A yayyafa ruwa, a goge daɓe da dakali da bakin taga da jiƙaƙƙen tsumma, a zubar da ruwan a masai, kada a watsa shi inda yara ke wasa. Takalmi ya tsaya a ƙofar ɗaki. Tabarmar wasansa a riƙa wanke ta, abinci da randa su kasance a rufe. A wanke masa hannu da sabulu kafin ci da kafin barci, a yanke farce. Idan tsakar gidan ƙasa ce, a kwashe 'yan santimita na sama bayan an jiƙa, a zuba sabuwa daga wuri mai tsabta, ko a yi daɓen siminti. A ba shi abinci sau da yawa a yini don kada ciki ya zauna wayam: wake, ƙwai, hanta, kifi, zogale, alayyafo, nono ko kindirmo, a haɗa da lemo ko gwaiba. Idan gwaji ya nuna ƙarancin jini, likita zai rubuta maganin ƙarin jini, kuma wannan yana rage tsotsar dalmar.

Duk wannan rage zafi ne muddin ana narka dalma a ƙofar gida. Maigida ya samu mai shagon da mutunci, domin shi ma neman halalinsa yake yi, kuma da wuya ya san cewa rigar da yake komawa gida da ita tana kai wa 'ya'yansa abin da ya fi na naku. Ya daina fasawa da narkawa a unguwa, ya sayar da mataccen batir a rufe yadda yake, ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro. Idan magana ba ta yi ba, a kai ga mai unguwa da duba-gari na ƙaramar hukuma, ko hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli. Idan ma hakan ya gagara kuma jinin yaron ya nuna adadi mai yawa, shawarar da za mu ba ku ita ce ku sauya gida, duk da mun san nauyin hakan ga mai haya.

Kada kuma shagon ya ɗauke miki hankali daga abin da ke cikin ɗaki. Kwallin dutse, mai ƙyalli idan an fasa shi, asalinsa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun gano dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kusan kashi 83 cikin ɗari dalma ce zalla. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma yana gangarar da kwallin ta hanci zuwa maƙogwaro. Mun san ado ne da aka gada daga iyaye, kuma da kyakkyawar niyya ake yi, amma kada a sa wa yaro, a ido ko a cibiya. Sai fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo a jikin ƙyaure, taga da lilon makaranta: ma'aunin da aka amince da shi a duniya shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma haɗarin yana zuwa ne idan fentin ya fara ɓarewa ko aka kankare shi a bushe. Tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa su ma suna iya sakin dalma, ya fi yawa a miya mai tsami kamar ta tumatir ko yakuwa, don haka kada abincin yaro ya kwana a cikinsu. Ruwa kuwa, tafasawa ba ta cire masa dalma. Idan famfon gida tsoho ne, a bar ruwan safe na farko ya zuba na minti ɗaya ko biyu kafin a tara na sha.

Idan kin karɓi sakamakon, ki rubuta adadin da ranar a katin asibitinsa. Za a sake gwajin bayan wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon yawansa. Idan adadin bai sauka ba bayan duk gyaran da aka yi, akwai wata kafar da ba a toshe ba, sai a sake bin gidan ɗaki-ɗaki, har da gidan da yake zuwa yini da makarantar da ake kai shi.