Tambaya da Amsa: Sabon bawul yana yoyo tun ranar gwaji

TAMBAYA: Ni ma'aikacin gyara ne a wata masana'anta. Mun ɗaura sababbin bawul masu ƙwallo a layin bututun ruwa, amma da muka zo gwaji sai wasunsu suka riƙa barin ruwa yana wucewa alhali suna rufe. Shin kayan ne jabu, ko aikinmu ne bai yi ba?

AMSA: Malam, kafin a ɗora wa kamfanin da ya ƙera laifi, ya kamata a binciki abin da ya sami bawul ɗin tsakanin fitowarsa daga kwali da ranar gwaji, domin a wannan tsakanin ne aka fi yi masa illa. Ƙwallon da ke ciki yana juyawa ne tsakanin zobba biyu masu taushi, galibi na Teflon, wani nau'in roba mai santsi, kuma su ne ke tare ruwa. Ƙwayar tsakuwa ɗaya ko ɗigon walda da ya daskare, idan ya maƙale a tsakani aka murɗa hannu, zai ja wa zoben zane siriri kamar gashi, wanda ba ya sake toshewa.

Saboda haka ake barin bawul a buɗe gaba ɗaya, da murafan bakinsa, har zuwa lokacin ɗaurawa, kuma a buɗen ne ake wanke layin da ruwa mai ƙarfi, ba tare da an taɓa hannunsa ba sai dattin ya gama fita. Wannan wanki shi ne aikin da gaggawa ta fi cinyewa, kuma a ganina babu uzurin tsallake shi. Idan bawul ɗin na walda ne, a sani cewa Teflon ba ya jure zafin da ya haura wajen digiri 200 na ma'aunin Celsius sosai, don haka idan mai gida uku ne, wato wanda jikinsa ke kwancewa kashi uku, a bi umarnin maƙerinsa a cire tsakiyar kafin a kunna wuta.

Sai batun zaman bututu. Dole ne bakunan biyu su fuskanci juna daidai, kowanne bisa madogararsa, domin idan aka ja karkataccen bututu da ƙarfin noti, jikin bawul ɗin ne zai ɗauki wahalar, ƙwallon ya goce daga mazauninsa. Notuna kuwa ana ɗaure su ne a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, a zagaye kamar uku ana ƙara ƙarfi, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Idan akwai kibiya a jikin bawul, a bi ta, domin wasu ƙwallayen suna da ƙaramin rami na sakin matsi da ke sa su tare ruwa ta fuska ɗaya kawai.

A wajen gwaji ma ana yin ɓarna. Ƙa'idar ASME B31.3, ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka kan bututun masana'antu, ta nemi a gwada layi da ruwa a matsin da bai gaza ninki 1.5 na wanda aka tsara shi a kai ba, alhali gwajin rufewa a ƙa'idar API 598, ta gwajin bawul, yana tsayawa ne a ninki 1.1 na matsin da aka ƙera bawul ɗin ya ɗauka. Wanda ya rufe bawul ya mai da shi toshiyar layi a lokacin babban gwaji zai iya matsa wa zobban fiye da kima. Abin da ya dace shi ne a buɗe shi rabi na ɗan lokacin gwajin, bayan layi ya tsarkaka, sannan a tsiyaye ruwan a mayar da bawul ɗin buɗe ko rufe sarai, tunda ba a ƙera shi don rage gudun ruwa ba.

Game da waɗanda ke yoyo yanzu, a sauke matsin layin, har da wanda kan maƙale cikin jikin bawul, a kwance ɗaya a duba zobbansa a haske. Zane yana nuna datti, narkewa tana nuna zafin walda, lotsewa a gefe ɗaya kuma tana nuna karkatar bututu. Idan akwai injin murɗawa a kansa, a duba ko yana kai ƙwallon cikakken kwatan zagaye na digiri 90. Idan duk waɗannan lafiya suke, to, a nemi takardar gwajin maƙera a tuntuɓi wanda ya sayar.