Tiraka Ta Hana Ni Sakat

Salam Malam. Ni direba ne a Gumel, ina raba lemo da ruwan leda a ƙauyuka har Maigatari. Tunda oga ya sa tiraka, wato na'urar bibiyar mota, a motar wlh ban huta ba, na tsaya sallar azahar a Sule Tankarkar ko alwala ban gama ba sai ga waya wai me nake yi minti 10 mota a tsaye, ranar Alhamis kuma cunkoson kasuwar Maigatari ya riƙe ni aka zaftare min kuɗi. Na cire ta ne kawai?
Wani direba, Gumel

Wa alaikassalam ɗan'uwa. Kar ka taɓa ta, akwai sim a ciki, yawancinsu kana cire wayar wutarsu suke tura saƙo, kuma sai a ce sata ka shirya. Abin da take gani shi ne inda kake da gudunka da lokacin da ka kashe inji, amma ba ta san shanu sun tare hanya ba ko mai shago ya tafi masallaci ya bar ka da kaya.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce mai aikin awa 6 ko fiye a ba shi hutun da bai gaza awa 1 ba, ana iya rarraba shi. To ku haɗu ku direbobin ku samu oga, ba ta waya ba, a rubuta lokacin sallah da cin abinci. In ka makale kuma ɗau hoto ka tura masa ta WhatsApp nan take, kafin shi ya kira.