Wai Sai Yaro Ya Suɗe Kwano?

'Yata, na ga saƙonki tun daren jiya. Na yi dariya har sai da na cire tabarau na goge ido, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kin ce an auna jikana a asibiti, an ce nauyinsa ya haura layin da ke katinsa, ita kuwa surukarki ta kafe cewa yaro mai kumatu shi ne mai lafiya, kuma ba a barin yaro ya tashi sai ya suɗe kwano. Shi ne kike tambayata wai mu ma haka aka yi mana a da.

Wai a da! Mu da muke wuni a guje, rana ta dake mu, mu dawo ƙafa futu-futu da ƙura, wa zai tsaya roƙonmu mu ci abinci? Kafin a ce bismilla kwano ya yi fes. Ba doka ce ta sa muke suɗewa ba, yunwa ce.

Ina tuna wata rana da yayanki, babban ɗana, yana ɗan shekara uku. Lokacin ban daɗe da fara aikin jinya ba, ina ji da kaina. Yaron siriri ne, duk wadda ta shigo sai ta ce, "Wannan kuwa ana ba shi abinci?" Maganar ta riƙa cina. Ran nan da azahar na ɗauki cokali na bi shi, ya zagaya gida ina biye, har na cafke shi na matse tsakanin gwiwoyina na shiga yi masa ɗura. Yana kuka ina turawa. Cokali na bakwai ko na takwas ya dawo min da komai a kan zanena, sabo fil, ranar na fara ɗaura shi.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, tana zaune a gefe tana tsintar wake, ba ta ce uffan ba sai da aman ya sauka. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta karɓe kwanon daga hannuna, ta rufe, ta ɗora can sama. Ta ce, "Sake shi. Yunwa ta fi ki iya lallashi." Na ce zai rame. Ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin yaron da ya mutu da yunwa kusa da tukunya ba." Yaro ya fice wasa. Can da yamma sai ga shi ya dawo da kansa yana jan gefen zanena. Ya ci kamar rabi, ya ture kwanon. Na kai hannu zan ƙara masa cokali ɗaya, sai na ji ta riƙe min wuyan hannu. Har yau ina jin sanyin yatsunta. Ta ce, "Ke kike da ludayi, shi yake da ciki."

Na yi shekaru ina aiki kafin in gane cewa abin da ake koya mana ke nan da manyan kalmomi. Uwa ce ke zaɓen abin da za a ci da lokacin ci, yaro kuma shi ya san inda cikinsa ya tsaya. Da wannan sanin ake haihuwarsa, dubi jariri yadda yake sakin nono da kansa in ya ƙoshi. In kullum ana ce masa "saura cokali uku", sai ya daina sauraron cikinsa, ya koma kallon kwano.

Amma kada ki ɗauka ni na ji maganar. A kan autana na koma ruwa, sai dai ba da ɗura ba, da alewa. In ya yi kuka alewa, in ya cinye abinci alewa, in zan fita aiki alewa. Ni na koya masa cewa zaƙi shi ne lada, shi ne kuma rarrashi. Yanzu ga shi da gemunsa yana shan maganin ciwon sukari. Ban ce ni kaɗai na jawo ba, akwai gado a ciki, amma in na ga yana soke yatsa da safe don auna sukari sai in kau da kai.

Ku kuma naku ya fi nawa. Zuwana gidanki na ƙarshe ban yi magana ba don baƙi, amma na gani. An ɗora wa yaro waya a gaba, ido a kan hoto, baki yana buɗewa kamar na ɗan tsuntsu, ana zuba masa. Wannan yaron ya san ya ci kuwa, balle ya san ya ƙoshi? Ga lemon gwangwani a gefe. Gwangwani ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato ƙaramin cokali wajen tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko babban mutum ya fi masa alheri ya tsaya a kusan cokali shida a wuni. Lemon kwali da ake zana wa hoton 'ya'yan itace ma ɗan'uwansa ne. Ki ba shi ɗan itacen ya tauna da haƙoransa, in ƙishi ne ya sha ruwa.

Hukumar nan ta ce a faɗin duniya, a 1990 yara 8 cikin 100 ne masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce kima, a 2022 sun kai 20 cikin 100. Ciwon sukarin da muka sani na manya yanzu ana samun sa a jikin matasa. Tun 2019 hukumar ta ba da shawara cewa yaro ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya. Ɗan shekara huɗu irin naki yana buƙatar awa uku na motsi a wuni, da barcin awa 10 zuwa 13. Abin dariya, sai da aka rubuta a takarda cewa yaro ya yi wasa.

Kada kuma ki je ki firgice ki hana shi abinci, na san halinki. Yaro mai girma ba a sa masa takunkumi irin na manya. Sau da yawa abin da ake so shi ne nauyin ya ɗan tsaya, tsawo ya cim masa, kuma wannan masu auna shi za su bi. Kada ki bari kowa ya kira shi da sunan tsokana, ko da wasa. Ki zuba masa kaɗan, in ya nema ki ƙara. In ya ture ganye yau, ki sake kawowa jibi ba tare da faɗa ba, wani abin sai an gwada sau goma yaro ke karɓa. Ku zauna ku ci tare. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka ki gaya wa maigidan naki kwalaben nan da ya jera a firji na gan su.

Zancen surukarki kuwa, ki bi ta a hankali. Matar da ta ga yara sun rame a hannunta ba za ki raba ta da son kumatu a rana ɗaya ba, kuma ba a saƙo ake wannan maganar ba. In za ki zo ƙarshen wata, ki taho min da yaron da katin nasa na asibiti, in ga layin da idona.

Goggonki.