Masana kimiyya na yawan canza magana, don me za mu yarda da su?

Tambaya: Malam, abin da ke ɗaure mini kai shi ne, yau masana su ce abu kaza gaskiya ne, gobe su dawo su ce ba haka ba. To ina dalilin yarda da su?

Amsa: Lallai suna canzawa, malam, amma ka duba abin da ke sa su canza. Ɗauki gyambon ciki. Har farkon shekarun 1980 likitoci sun tafi a kan cewa damuwa da yawan tsamin ciki ne ke kawo shi, kuma babu ƙwayar cutar da za ta rayu cikin wannan tsami. Sai Robin Warren, wani likita a birnin Perth na Ostareliya, ya riƙa ganin wasu lanƙwasassun ƙwayoyi a ɗan naman da ake tsinkowa daga cikin majinyata. A 1982 shi da wani likita, Barry Marshall, suka raya su a ɗakin gwaji, su ne ake kira Helicobacter pylori. Aka yi musu kunnen uwar shegu. Da abin ya ishi Marshall, a 1984 ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin. Cikin 'yan kwanaki sai amai, aka zura na'ura aka tarar bangon cikinsa ya kumbura.

Mutane na son wannan labari, sai dai a ganina ba kasadar ce ta yi aikin ba, don cikin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Abin da ya kashe bakin masu musu shi ne wasu likitocin, a ƙasashe daban-daban, sun gwada maganin kashe ƙwayoyin, suka ga gyambon ya daina dawowa ga yawancin majinyata. Sai a 2005 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel. Kuma ba a yi watsi da tsohon ilimi ba: har gobe ana haɗawa da maganin rage tsami.

Haka lissafin masanin kimiyya Newton kan yadda abubuwa ke motsi a ƙasa da sararin samaniya. Ya gaza bayyana wata 'yar karkata a zagayen da duniyar Makuri ke yi wa rana, wani masanin, Einstein, ya warware ta a 1915, amma galibi da na Newton ɗin ake harba tauraron ɗan'adam.

Yawancin "masana sun gano" da kake gani a intanet kuwa bincike ɗaya ne tak, wani lokaci a kan ɓeraye, wanda ba a maimaita ba tukuna. Irinsa ne ke rushewa kafin shekara ta zagayo.